Jiya Ya Fara

"Wallahi yau ko ka tashi mu tafi asibiti, ko in fasa auren!"

Auta ce tsaye a bakin shagon, ta riƙe ƙugu, idanunta sun kaɗa sun yi ja. Shi kuwa Kafinta yana sunkuye a kan wani faffaɗan katako yana goga masa samfefa, fensir saƙale a bayan kunnensa, ko ɗagowa bai yi ba.

"Ki fasa mana. Gadon nan sai in sayar wa wata."

"Wace ce watan?"

"Oho... wadda dai ba ta da faɗa."

Ya saki dariya, sai dariyar ta rikiɗe ta koma tari. Ba irin tarin da mutum kan yi ya wuce ba, irin mai tasowa daga can ƙasan ƙirji ne, mai naɗe mutum gida biyu. Ya dafa teburin aiki ya juya mata baya, ya toshe baki da hankici. Da abin ya lafa sai ya yi wuf ya cusa hankicin cikin aljihu.

"Ka gani ko? Ka gani!" Ta nuna shi da yatsa. "Dubi wuyanka don Allah. Riga ta koma maka kamar ta aro."

"Ƙurar katako ce, Autar Baba. Kin taɓa ganin kafintan da ba ya tari?"

"Mama ta ce kullum sai ta shanya zanen gadonka, wai sharkaf yake kwana da gumi. Shi ma ƙurar ce?"

"Kai! Uwata ma ta shiga ƙungiyar 'yan tsegumi?"

Sai hawaye shar. Duk duniya kuwa ba abin da ke karya Kafinta irin kukan Auta. Ya ajiye samfefar, ya karkaɗe hannuwansa.

"To ya isa, rabin raina. Mu je. Amma in suka ce ƙura ce, a gaban Baba za ki ba ni haƙuri."

Auta ita ce ƙarama a gidansu, ita ce kuma ta rage tare da Baba. Mahaifiyarsu ta daɗe da rasuwa, Yaya ta yi aure tana can wata unguwa da 'ya'yanta. Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, rayuwar Auta ta koma daga bakin gadonsa sai kicin, daga kicin sai igiyar shanya.

Ta nan ma Kafinta ya shigo gidan. An kira shi ne ya kafa wa Baba katakon riƙewa a jikin bango, ya kafa, sai kuma ya ƙi ɗauke ƙafa. Yau ya zo duba ƙusa, gobe ya zo gyaran ƙofa, har ranar da Baba ya gaji ya ce da karkataccen bakinsa, "Yaron nan, ƙofofin gidan nan fa sun ƙare. Faɗi abin da ke kawo ka."

Aka yi magana, aka sa rana. Aka ɗaga, aka sake ɗagawa, don Auta ta ce ba za ta iya barin Baba a hannun kowa ba. Kafinta ko sau ɗaya bai yi ƙorafi ba. Kullum da safe kafin ya buɗe shago sai ya biyo, ya rungumo Baba ƙirji da ƙirji ya kai shi banɗaki, ya yi masa wanka, ya dawo da shi kan kujera. Ya ce in an ɗaura aure har da Baba za a tare, ɗakinsa ma ya riga ya shafe shi da fenti. Gadonsu kuwa ya rantse ba wanda zai sa masa hannu sai shi.

A cikin motar haya Auta ta ja masa kunne.

"In an tambaya tun yaushe, ka yi shiru. Ni zan amsa."

"Saboda me?"

"Kai dai ka yi shiru na ce."

Ba a banza ta faɗi haka ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ranar da suka fara kai Baba sashen gaggawa da ciwon kai, nas ɗin da ke tantance marasa lafiya a bakin ƙofa ta tambaya tun yaushe. Auta da gaskiyarta ta ce ai ya daɗe yana fama. Nas ta ce abin da ya daɗe ba na gaggawa ba ne, su je wancan sashen a ba su ranar ganin likita. Aka ba su rana mai nisa. Kafin ranar ta zo Baba ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida.

Daga nan Yaya ta kafa doka. "Ko shekara ciwo ya yi, in kun je ku ce jiya ya fara. In ba haka ba waje za su yi da ku." Auta ta riƙe maganar nan gam, don ita ce ta buɗe baki a wancan karon, kuma har yau in ta kalli hannun Baba da ya mace sai zuciyarta ta ce mata ke ce.

Sashen gaggawan cike yake maƙil. Bencina sun cika, wasu na zaune a ƙasa, wata mata na nishi a kan gadon turawa, fanka na juya zafi kawai. Nas ɗin bakin ƙofa ba ta ɗago daga rubutunta ba.

"Me ke damunsa?"

"Tari. Numfashi na yi masa wuya."

"Tun yaushe?"

"Jiya ya fara."

Kafinta ya kalle ta ta gefen ido, ta taka masa ƙafa. Nas ta nuna musu ƙofa. Auta ta ji wani daɗi a ranta, yau dai ba wanda ya kore su.

Likitan matashi ne, idanunsa jawur don rashin barci. Ya ɗora abin sauraren ƙirji ta saman rigar Kafinta.

"Wane aiki kake yi?"

"Kafinta ne ni."

"Kana fesa fenti?"

"Ina yi."

"Ai shi ke nan. Ƙura da fenti ne suka tayar maka da asma."

Aka kafa masa wata roba a hanci da baki tana fitar da tururin magani. Bai gama shaƙa ba aka shigo da waɗanda suka yi haɗarin mota, jini ko ta ina. Likita ya zabura da gudu, yana tafe yana waiwaye. "In bai daina ba a yi hoton ƙirji!"

Ƙirjin kuwa ya saki. Suna fitowa Kafinta ya ja iska ya cika baki.

"To, ina haƙurina?"

"Ba zan bayar ba."

"Shi ke nan, na yafe. Amma gaya min gaskiya, tun yaushe kike sona?"

Ta harare shi, murmushi na neman ƙwace mata. "Jiya na fara."

Suka yi ta dariya a bakin titi har mutane na kallonsu. Maganar hoton ƙirji kuwa ba wanda ya sake tuna ta.

Allah sarki. Sauƙin bai je ko'ina ba. Tarin ya dawo, zazzaɓi kuma ya mai da yamma lokacinsa. Suka koma. Nas daban, likita daban, amsar Auta dai ɗaya. Wannan ya ce sanyi ne ya kama ƙirji, ya rubuta ƙwayoyi masu ƙarfi. Kafinta ya sha, ya ɗan murmure, har ya koma kan gadon nan yana sassaƙa masa furanni. Da ƙwayoyin suka ƙare ciwo ya dawo da ƙarfinsa. Suka sake komawa, aka sake kafa masa robar tururi, aka sallame su kafin rana ta karkata.

Duk wanda ya gan shi a wurin, ranar ce ganinsa na farko da shi. Ba wanda ya san cewa da can Kafinta ƙato ne mai ɗaukar ƙofa shi kaɗai, balle ya ce mutumin nan ya zabge. Su ma'aikatan asibiti, wutar da ke ci bal-bal suke kashewa, wadda ke ci a ƙarƙashin toka ba mai lokacin tona ta.

Shi ma gogan da nasa ɓoyon. Hankicinsa shi yake wanke abinsa, ko Mama ba ya bari ta taɓa.

Ran nan da safe ya zo ɗaukar Baba kamar kullum. Auta na kicin tana haɗa shayi ta ji muryar Baba yana tsokanarsa.

"Yau kuma hannunka rawa yake, angon gobe. Ko Autar ce ba ta ba ka abinci?"

"Rowa gare ta, Baba. Riƙe ni da kyau... bismillah."

Sai ta ji tari. Sai ta ji faɗuwar abu. Sai Baba ya ƙwala mata kira da wata irin murya da ba ta taɓa ji ba.

Ta shigo a guje. Kafinta ya samu ya dire Baba a kan kujera, shi kuma ya durƙushe a gabansa. Gaban farar rigar Baba ya rine ja. Jini ne ke fitowa daga bakin Kafinta, ja sosai mai kumfa, yana ta ƙoƙarin tare shi da tafin hannu.

"Innalillahi! Na shiga uku! Jama'a ku taimaka!"

Maƙwabta suka kama shi aka sa a mota. A wannan karon ba wanda ya tsai da su a bakin ƙofa. Likitar da suka tarar dattijuwa ce mai furfura a gaban goshi. Ta sa aka cire masa riga gaba ɗaya. Auta ta kau da kai don kunya, amma ta riga ta gani. Haƙarƙari ne a jere kamar a ƙirga.

"Ke ce matarsa?"

"An... an sa mana rana."

"Tun yaushe yake tarin nan?"

Baki ya riga ya saba. "Jiya ya..."

Likitar ta ɗaga mata hannu. Ta ɗauko bel ɗin da aka kwance daga ƙugunsa ta miƙo mata. Bayan hujin da bel ɗin ya zo da su, ga wasu nan sababbi a jere, kowanne an huda shi da ƙusa.

"'Yata, wannan bel ɗin ba jiya aka fara huda shi ba. Faɗa min gaskiya."

Nan Auta ta fashe da kuka ta zayyana komai. Gumin dare, zazzaɓin yamma, ramar, zuwan da suka yi ta yi, da amsar da take bayarwa duk zuwa. Likitar ta saurare ta har ƙarshe ba ta katse ta ba. Ta sa aka ɗauki hoton ƙirji, aka karɓi kakinsa aka kai gwaji, aka ware shi a wani ɗaki shi kaɗai.

Da sakamako ya fito ta kira Auta da Mama. Ta ɗaga hoton a jikin haske. Auta ba ta san karatun hoto ba, amma ta ga wurare kamar katakon da gara ta ci.

"Tarin fuka ne."

Mama ta dafe ƙirji tana salati.

"Ciwo ne mai magani," in ji likitar. "Mutane da yawa suna sha su warke sarai. Za mu fara ba shi yau ɗin nan. Amma ba zan ɓoye muku ba, ya ci huhun ƙwarai, duka biyun. Da an gano da wuri..."

"Ni ce!" Auta ta zube a ƙasa. "Ni na kashe shi! Ni nake cewa jiya!"

"Tashi, 'yata. Ke kin ce jiya, mu kuma muka yarda, don yarda ta fi mana sauƙi. Ya zo hannunmu ba sau ɗaya ba, ba wanda ya ɗaga rigarsa. Ba ke kaɗai za ki ɗauki kayan nan ba." Ta ajiye hoton. "Duk wanda yake cuɗanya da shi a kawo shi gwaji. Akwai tsoho ko mara lafiya a cikinku?"

Auta ta tuna yadda yake rungumo Baba ƙirji da ƙirji, kowace safiya.

Aka gwada su duka, aka ce ba a ga komai ba tukuna, amma duk wanda ya fara tari a dawo da shi. Wannan "tukuna" ɗin ita ta tayar da hankalin Yaya. Suna komawa gida ta ja Auta bayan ɗaki.

"Ba za ki sake taka asibitin nan ba."

"Yaya!"

"Ke ke ba Baba abinci a baki. In kika kwaso masa, kwana nawa zai yi?"

"Likita ta ce in na sa takunkumi..."

"Likita! Ba su ne suka yi ta cewa ƙura ba? Yana da uwa, ta yi jinyarsa."

"Wa ya yi jinyar ubanmu, Yaya? Mijinki ne yake masa wanka? Kuma wa ya koya min cewa jiya?"

Yaya ta ja da baya kamar an mare ta. Hawaye suka zubo mata.

"Don kada a sake yi mana irin ta Baba na faɗa... Wallahi don haka na faɗa, Auta."

Suka rungume juna suna kuka a hankali don kada Baba ya ji. A ƙarshe aka tsai da magana: Yaya za ta riƙa zuwa da rana ta zauna da Baba, Auta ta je ta tsaya daga bakin taga, ba shiga.

Haka aka yi ta yi. Tagar ɗakin Kafinta tana kallon wani ɗan fili ne inda ake shanya zannuwan asibiti. Nan Auta ke tsayawa da takunkumi a fuska, ta riƙe ƙarfen taga da hannu biyu. Yana shan magani, ana ƙara masa ruwa, robar iska ba ta barin hancinsa. Kullum sai ta ce masa yau ya fi jiya, kullum sai ya ce ƙwarai kuwa. Dukansu sun san ƙarya suke yi wa juna.

Wata rana ta same shi an jingina shi da filo, idanunsa sun faɗa.

"Wa ke ɗaga min Baba yanzu?"

"Ni da maƙwabcinmu."

"Ki ce masa ya riƙa tallafe kafaɗar hagu. In ba haka ba tana masa ciwo, kuma ba zai faɗa ba."

Ta gyaɗa kai.

"Autar Baba, Mama ta ce ba kya cin abinci. Wai kina cewa ke ce."

"Ni ce mana! Da na bar ka ka yi magana..."

"Bakina ɗinke shi kika yi?" Ya tsaya ya nemi numfashi. "Ina ganin jini a hankici tun kafin mu fara zuwa. Na ɓoye. Tsoro nake ji a ce ciwo ne babba a sake ɗaga ranar nan... ko a raba ni da ke. Kin ga garin neman gira mun rasa ido, ni da ke duka."

"Kar ka ce haka, don Allah. Za ka tashi. Gadon nan ma ba ka gama ba."

"Gefe ɗaya ya rage. Naki na fara gogewa, kada sartse ya soke ki." Ya yi ɗan murmushi. "Matso in tambaye ki."

Ta manna fuska a jikin ƙarfen.

"Tun yaushe kike sona?"

Kuka ya ƙwace mata har takunkumin ya jiƙe.

"Ya daɗe, masoyina. Wallahi ya daɗe. Tun ranar da ka zo duba ƙusar da ba abin da ya same ta."

Ya lumshe ido. "Alhamdulillahi. Yau dai kin faɗi gaskiya a asibiti."

Washegari da hantsi wayarta ta yi ƙara tana tsaka da ba Baba shayi da cokali. Muryarsa ce, can ƙasa, da ƙyar ake ji.

"Auta... yau ki zo da wuri."

"Lafiya? Jikin ne?"

"Ina son ganinki ne kawai."

"Yaya ba ta iso ba. Tana zuwa zan taho, yanzun nan."

"To... ki gama da Baba tukuna. Kar ki bar shi shi kaɗai."

Ta kira Yaya, Yaya ta ce tana makarantar yara, ƙaramin ɗanta ya faɗi ya fasa goshi, amma ga ta nan. Ta leƙa gidan maƙwabta, a kulle, kowa ya fita nema. Ta dawo tana safa da marwa tsakanin ƙofa da kujerar Baba, mayafi a hannu.

Baba ya bi ta da ido. "Je ki."

"Baba, in ka sarƙe fa? In ka zame daga kujera?"

"Je ki, Auta... ɗana ne."

Ta kai bakin ƙofa. Sai Baba ya ɗan ƙware da yawunsa, kamar yadda yakan yi, fuskarsa ta yi ja. Ta dawo da gudu ta tallafe shi tana bubbuga masa baya. Ta zauna. Ba ta sake tashi ba sai da ta ji sallamar Yaya, rana ta riga ta take tsaka.

Ba ta san yadda ta isa ba. Ta zagaya ta filin shanya ta kama ƙarfen tagar.

"Ga ni na zo! Ga ni..."

Katifa ce tsirara, an yaye zanen, wata mai shara na goge ta da ruwan magani. An naɗe robar iskar an rataye a bango.

Ta zagayo ta ciki. Mama na zaune a ƙasa a jikin bango, ta rungume wata leda. Da ta ga Auta sai ta buɗe hannu.

"'Yata... jinin ne ya sake ɓallewa. Bai daɗe ba. Tagar yake ta kallo."

Auta ba ta yi ihu ba. Ta sulale kusa da Mama ta ɗora kai a cinyarta. Ledar ta buɗe, ga bel ɗin nan, ga fensirin bayan kunne. Sai a lokacin wata ƙara ta fito daga ƙirjinta, har masu jinya suka leƙo daga ɗakuna.

Da Baba ya ji sai ya miƙa hannunsa mai lafiya ya kama katakon nan na jikin bango, ya yi ta shafa shi hawaye na bin gefen bakinsa.

Bayan an share makoki Mama ta ba Auta makullin shagon, ta ce ita ba za ta iya ba. Auta ta buɗe. Ƙamshin katako ya doke ta kamar yanzu zai fito daga ciki yana tsokana. Gadon na nan a tsakiya. Ta shafa gefe ɗaya, sumul kamar gilashi. Ta shafa ɗayan, kaushi, samfefar na ajiye a kai. Ta zauna a gefen nasa ta yi kuka har ta gode Allah.

Rayuwa ta ci gaba da jan ƙafa. Wankin Baba, abincin Baba, maganin Baba. Tari ya fara mata kaɗan-kaɗan, ta ce ƙurar shagon ce. Ta fara farkawa rigarta a jiƙe, ta ce zafi ne. Gaskiyar magana ta san ko mene ne, ba ta dai damu da kanta ba. Sai ranar da Baba ya riƙe cokalin ya ƙi karɓa, ya zuba mata ido.

"Shi ya tafi... ke ma?"

Washegari Yaya ta zo ta zauna da shi. Auta ta tafi ita kaɗai.

Bencinan nan dai, fankar nan dai. Nas ɗin da ta fara karɓarsu ita da Kafinta ce a bakin ƙofa, ba ta ma gane ta ba.

"Me ke damunki?"

"Tari."

"Tun yaushe?"

Auta ta dube ta. Ta riga ta shirya a kore ta, a ba ta rana mai nisa.

"Ya daɗe."

Nas ta ajiye biro nan take. Ta ciro takunkumi ta ɗaura mata da hannunta, ta kama ta suka wuce duk mutanen da ke kan benci.

"Sista... ba za ki tura ni wancan sashen ba?"

"Da tsohon tari? Ina! Shi muke tsoro ai. Mai shi ko layi ba ma bari ya bi, gwaji muke kai shi kai tsaye."

Auta ta tsaya cak a tsakiyar hanya.

"Yanzu kuka fara yin haka?"

"A'a, da ma can haka muke yi. Taho mana, 'yar'uwa. Lafiya kike kuka?"